Adabraka: Unguwar Masaukai, Amma Ina Ɗakin Mai Keke?

 Babban hutun makarantu ya ƙarato, kuma kowa ya san abin da wannan ke jawo wa gidajenmu na Nima da Maamobi da Sabon Zongo, watau baƙi. Za su zo daga Kumasi da Tamale da Yendi da Salaga da Bawku da Wa, wasu don biki, wasu don ganin likita a Korle Bu, wasu kuwa don kawai yara su ga teku su koma su ba abokansu labari. In Disamba ta kama, sai 'ya'yanmu na Bronx da Hamburg da Landan su ma su sauko da iyalansu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, a wannan fitowa muna so mu yi magana a kan 'yan'uwanmu waɗanda ƙafar ba ta iya kai su, da irin wahalar da iyali kan sha kafin su sama musu wurin kwana a wannan birni na Accra, ko kuwa Ankara ta bakin iyayenmu.

Kada a ɗauka 'yan tsiraru muke nufi. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa kashi 8 cikin 100 na mutanen Ghana masu shekara 5 zuwa sama suna da wata naƙasa, watau mutum fiye da miliyan 2. Ba ma sai mun je ga takardar gwamnati ba, mu leƙa gidajenmu kawai. Ga Alhajin da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, ga yarinyar da shan inna ya kama tun tana goye, ga tsohuwar da ciwon sukari ya sa aka yanke wa ƙafa, ga makaho, ga kurma. Idan iyali suka tashi tafiya, su ne ake ce wa, "Kai dai zauna ka duba mana gida." Ba ƙiyayya ke kawo haka ba, tambaya ɗaya ce ke kashe maganar: in mun je da shi, a ina zai kwana?

Tambayar kuwa tana da hujja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yawancinmu a Nima da Maamobi ɗaki guda ne ko ɗaki da falo, lungunan da ake bi a iske mu sau da yawa mutum biyu ba sa jerawa, kwata ta ratsa tsakiya, bayan gida kuwa a gidaje da yawa sai an fita an bi layi a na jama'a. Wanda ke da ƙafafunsa yakan daure ya yi mako guda. Wanda ke kan keke kuwa, sai dai a nema masa ɗakin haya na kwanaki a wani wuri. Nan ne tunanin kowa ke zuwa Adabraka.

Me ya sa Adabraka?

Wanda ya taso daga Nima ya bi Ring Road ya nufi Circle, Adabraka na hannunsa na hagu. Daga nan ta miƙe kudu har ta kusa Tudu, kogin Odaw na yamma da ita, Asylum Down da Ridge na gabas. A tsakiyar komai take. Tashoshin manyan motocin Kumasi da na arewa suna nan wajen Circle, asibitin Ridge na kusa, kasuwar Makola ba nisa, ita kanta kasuwar Adabraka kowace uwargida ta san ta da busasshen kifi. Wanda ya bi titin Kojo Thompson ko na Farrar ko na Castle, zai ga allunan ƙananan otal-otal da gidajen baƙi bi da bi, kuma kuɗinsu bai kai na manyan otal-otal ba ko kusa.

Ban da haka, unguwar ba baƙuwarmu ba ce. Bayan annobar da ta auka wa Accra a 1908, Turawan mulki sun buɗe sababbin unguwanni don rage cunkoson tsakiyar gari, Adabraka na cikinsu, kuma Musulmi 'yan kasuwa da masu dabbobi na cikin waɗanda suka fara zama a wurin. A wannan zamanin ne kuma Malam Bako ya ja jama'arsa zuwa Sabon Zongo, Nima kuwa sai a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya kafa ta. Masu bin tarihin birnin suna cewa sunan Adabraka kansa daga bakinmu ya fito: mai saye ya taya, Bahaushe mai kaya ya ce "albarka", kunnen mutanen Ga ya ji ta yadda ya ji, suna ya bi wuri. Daga baya malaman makaranta da akawuna da lauyoyi suka gina gidajen bene a unguwar, kuma da yawa daga cikin masaukan da muke gani yau irin waɗannan gidajen iyali ne aka gyara aka rataya musu allo. A riƙe wannan, domin shi ne tushen rabin matsalar. An gina su ne don mai gida da iyalinsa, ba wanda ya kawo mai keke a ransa.

Abin da tef ɗin tela ya nuna mana

Gani ya kori ji. Mun ari tef ɗin awo wurin wani tela, muka shiga unguwar kamar masu neman ɗaki don baƙon da ke tafe a kan keken guragu. Ba za mu kama sunan kowane gida ba, domin ba tonon silili muka fito yi ba, kuma abin da muka gani a wannan shi muka gani a wancan.

Wahalar tana farawa tun daga bakin titi. Tsakanin kwalta da ƙofar gida akwai kwata, wani wuri an rufe ta da siminti, wani wuri katako biyu aka gitta, wani wuri kuwa a buɗe take. Mai ido da ƙafa tsallakewa yake yi bai ma lura ba. Ga makaho kuwa rami ne, ga mai keke iyakar tafiya ce. In an haye kwatar, sai matakala biyu ko uku ko huɗu kafin a kai ga teburin karɓar baƙi. A wani gida mun tarar an yi gangaren siminti a gefe, muka yi murna, amma da muka dube shi da kyau sai muka gane don jan akwati aka yi shi. Tsayuwarsa ta yi yawa, wanda ya tura mutum a kai, in hannunsa ya kuɓuce, sai dai a kwashi mara lafiya a cikin kwata.

Ga lissafin a sauƙaƙe, irin wanda muke ba 'yan aji shida. Ƙa'idar da magina ke bi a ƙasashe da yawa ita ce, kowane santimita 1 na tsayi yana son santimita 12 na tsawon gangare. Matakala ɗaya mai santimita 15 tana son gangare mai santimita 180. Uku kuwa suna son santimita 540, watau kusan mita 5 da rabi. Duk gangaren da ya gaza haka da yawa, ado ne kawai.

Ciki kuma, ƙofar ɗakin kwana takan karɓi keke, domin faɗin keken babba bai cika wuce santimita 60 zuwa 70 ba. Inda ake yin ta shi ne ƙofar banɗaki. Sau da yawa ta fi keken ƙunci, ga ɗan dakali an ɗaga a bakinta don kada ruwa ya fito, ga tayil mai santsi, babu ƙarfen riƙewa ko ɗaya a bango, wani wurin ma bahon wanka ne mai zurfi wanda sai an ɗaga ƙafa a shiga. Ma'anar wannan ita ce, dattijon da ya aurar da 'ya'ya da jikoki sai an ɗauke shi cak kamar jariri duk lokacin da zai kewaya, dare da rana, har ya gama kwanakinsa. Mutane da yawa sun gwammace su zauna gida da a yi musu haka a gaban baƙin ido, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Ɗakunan da suka fi kyau da iska galibi a sama suke, lif kuwa a ƙananan masaukai abu ne mai wuyar gani. Inda ma yake, wanda ya ga dumsor na 2015 ya san ba a ba wutar lantarki amana. In wuta ta ɗauke, janareto bai ja lif ba, wanda ke hawa na uku a kan keke ya zama ɗan fursuna har sai ta dawo. Allah ya kiyaye gobara a irin wannan dare.

Ruwa ne ya gina matakalan

Adalci ne mu faɗi cewa ba duka matakalan nan ne na rashin tunani ba. Yammacin Adabraka, wajen Odawna da Sahara, kwari ne, in Odaw ya cika nan yake fara amayarwa. Babu mutumin Accra da zai manta daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, mutum fiye da 150 suka rasa rayukansu. Kowace damina mazauna wannan gefen suna kwana da ido ɗaya. Shi ya sa mai gini ke ɗaga daɓensa, ya ƙara dakali a bakin ƙofa, wani ma ya gina ɗan bango wanda sai an tsallaka a shiga.

To, ga tsaka mai wuya. Ɗakin ƙasa shi ne ya fi dacewa da mai keke, amma a gefen kwari shi ne ruwa ke fara shiga, kuma wanda ba ya iya gudu shi ya fi kowa shiga haɗari. Saboda haka shawararmu ita ce, a watannin Mayu da Yuni da Yuli, duk mai tafe da naƙasasshe ko tsoho ya nemi ɗakin ƙasa a gefen tudu, watau wajen titin Barnes da ɓangaren da ke fuskantar Ridge da Asylum Down, ya nisanci bakin Odaw ko da an yi masa rangwame. Araha ba ta ado, balle a wurin da rai ke ciki.

Matakalar da tef ba ya aunawa

Akwai wata matakala da ta fi ta siminti tsayi, ita ce ta zuciyar mutane. Masu keke da makafi da yawa sun san wannan: mutum ya zo da kuɗinsa a aljihu, kafin ya buɗe baki mai gadi ya ɗaga masa hannu, ya ɗauka bara ya zo yi. In an shiga ciki, mai karɓar baƙi ya bar shi ya juya ga ɗan rakiya yana tambaya, "Me yake so?" sai ka ce shi ba ya ji ba ya magana. Uwar da ke da yaro mai farfaɗiya ko mai taɓuwar ƙwaƙwalwa takan ji an ce ɗakuna sun cika da zarar an ga yaron, alhali makullai na rataye a bango. Kurma kuwa, in an ƙwanƙwasa masa ƙofa don wani hatsari, wa ya tanadi yadda zai sani?

Manyan otal-otal na Ridge da na wajen filin jirgin sama galibi suna da lif da gangare da ɗaki na musamman. Amma kuɗin kwana ɗaya a can ya isa ya cinye abin da iyalin malamin makaranta ko na direba suka tara don tafiyar gaba ɗaya. Ashe ke nan a birnin nan sauƙin shiga ɗaki ya zama kayan masu hali.

Doka na nan, aiki ne babu

Abin mamaki, a bakin wannan unguwa, a kan titin Barnes daura da Gidan Tarihi na Ƙasa, nan ne cibiyar horar da naƙasassu da aka sani da Accra Rehabilitation Centre, wadda ke nan tun farkon shekarun 1960, zamanin Kwame Nkrumah. A harabarta ne tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, GFD, wadda aka kafa a 1987, take da ofishi, haka ma ƙungiyar makafi. Watau naƙasassu daga kowace jiha suna zuwa Adabraka taro da neman haƙƙinsu, in dare ya yi kuma su shiga neman inda kekensu zai shiga.

Ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Sashe na 29 na Tsarin Mulkin 1992 ya yi maganar a tanadar wa naƙasassu hanyar shiga duk inda jama'a ke shiga. A 2006 Majalisa ta zartar da Dokar Naƙasassu mai lamba 715, wadda ta ɗora wannan nauyi a kan mai gini ko mai riƙe da shi, ta sa tara ko ɗaurin da bai wuce wata 3 ba ga wanda ya ƙi, ta kuma ba tsofaffin gine-gine shekara 10 su gyara. Wa'adin ya cika a 2016. A 2012 Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, a 2016 kuma aka fito da ma'aunin gini na ƙasa wanda ya fayyace yadda ƙofa da gangare da banɗaki za su kasance. Har ila yau dokar 2006 ta ce a keɓe kujera 2 a motocin haya na fasinja. Wanda ya taɓa ganin yadda ake cusa mai keke a trotro, yaron mota na neman kuɗin keken daban, ya san nisan da ke tsakanin takarda da tasha.

Ba mu kaɗai ba ne. Nijeriya ta sa hannu a irin wannan doka a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5, shi ma ya cika a 2024. Amurka kuwa ta yi tata tun 1990, kuma 'yan'uwanmu da ke can sun san cewa neman irin wannan ɗaki a otal ba roƙo ba ne. Bambancin shi ne a can ana kai ƙara, ana kuma biya. A nan, hukumar yawon buɗe ido ta ƙasa ce ke ba otal-otal lasisi a ƙarƙashin dokar 2011, majalisar Korle Klottey kuma ita ke ba da izinin gini a Adabraka. Da waɗannan biyu za su riƙa zuwa da tef kafin su buga hatimi, da an ga canji cikin 'yan shekaru.

Kafin a biya kuɗin ɗaki

Kafin ranar ta zo, dole mu yi wa kanmu dabara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a faɗa wa masu masauki halin baƙon tun farko, dalla-dalla. Kada a tambaye su ko wurinsu ya dace da naƙasasshe, domin kowa zai ce i. A tambaya matakala nawa ne daga titi zuwa gado. Mafi kyau ma, ɗan'uwan da ke Accra ya je da kansa da tef, ko da igiyar da aka auna faɗin keken da ita, ya gwada ƙofar ɗaki da ta banɗaki, ya duba ko keken zai iya juyawa a gefen gado, ya ɗauki hoto ya aika ta WhatsApp. A nemi kujerar roba mai ƙarfi don wanka da alwala, a zo da buta da tabarmar roba mai hana santsi. A duba ko tasi zai iya shiga harabar ya sauke mutum a bakin ƙofa. Mai tafe da yaron da hayaniya ke firgitawa ya nisanci wuraren kiɗan dare na kusa da Circle. Makaho a zaga da shi ɗakin sau ɗaya ya san inda komai yake, a kuma roƙi masu shara kada su sauya wa kaya wuri. Kurma a bar lambar wayarsa a teburin baƙi don a riƙa rubuto masa saƙo. Sannan kada a biya kuɗin mako guda a dunƙule sai an kwana ɗaya an gani.

In an sami ɗaki, to, kada a bar baƙon yana kallon silin. Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe ran 5 ga Maris, 1957, aka sake buɗe shi a 2022 bayan gyara, yana nan bakin unguwar. Dandalin tunawa da Kwame Nkrumah, da aka sabunta a 2023, fili ne shimfiɗaɗɗe kusa da teku. Babban Masallacin Ƙasa na Kanda, wanda Turkawa suka taimaka aka gina aka buɗe a 2021, babu dattijon da zai zo daga arewa bai so ya yi Juma'a a ciki ba. Bakin teku kuwa tayar keke nutsewa take a rairayi, sai a je da samari biyu masu ƙarfi. A dawo ta Nima a sayi wake da shinkafa, da yamma a kawo cicinga mai zafi, shi ma ya koma gida da nasa labarin.

Mu jikokin masu masauki

Kalmar zango ma'anarta ke nan, wurin da ayari ke sauka. Kakanninmu da suka bi hanyar goro zuwa Salaga da Kumasi sun rayu ne a kan amanar mai gida da fatoma, wanda zai sauki baƙon da bai taɓa gani ba, ya ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya tsare masa dukiya. Zauren da suke saukar baƙi a ƙasa yake, ƙofarsa kuwa mai faɗi ce. Yau mu ne ke rushe gidajen gado a Nima da Maamobi muna ta da bene, wasunmu ma gidajen baƙi suke ginawa da kuɗin da suka yi gumi a ƙasashen Turai da Amurka. Faɗaɗa ƙofar banɗaki zuwa santimita 90 tun ana aza bulo bai kai kuɗin labulen falo ba, amma fasa ta bayan an gama gini aiki ne babba. Ɗaki ɗaya a ƙasa, gangare ɗaya na ƙwarai, ƙarfe biyu a bango, shi ke nan. Wanda ya yi haka ba sadaka kaɗai ya yi ba, ciniki ya jawo, domin mai keke ba ya tafiya shi kaɗai, iyali guda ne ke biye da shi, kuma in sun ji daɗi za su gaya wa na baya.

Muna kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa su sa wannan magana a bakinsu, su fara da ƙofofin masallatanmu da makarantunmu da wuraren bukukuwanmu. Muna kuma roƙon duk mai karatu da ya san wani masauki a Adabraka ko kewayenta wanda keke ke shiga har banɗaki, ya sanar da mai unguwarsu da limaminsu, domin labarin ya kai ga masu buƙata kafin hutu ya kama. Lafiya aro ce, wanda ke hawa bene da gudu yau bai san da me zai hau shi gobe ba.

Allah ya kawo baƙinmu lafiya, ya mai da su gida lafiya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.